Wa Ke da Harawa Bayan Girbi?



Na daɗe ina riƙe da littafin fadar Maigida Sarkin Zongo a garinmu na arewacin Ghana, kuma duk shekara, da zarar hunturu ya kama, na san irin ƙarar da zan fi rubutawa. Manomi ya roro wakensa ya bar harawar a gona da niyyar komawa jibi, makiyayi ya iske gona babu amfani a tsaye ya tura shanu. Manomi ya ce an ci masa dukiya, makiyayi ya ce tun kakanni ba a hana dabba gonar da aka girbe. Bara har sanda ta shiga tsakanin wasu mutum biyu da ke salla a sahu ɗaya.

Makiyayin bai yi ƙarya ba. A da, manomi ke roƙon Bafulatani ya kwana da garkensa a gonarsa, shanu su ci kara su bar taki, wani lokaci har a haɗa masa da damin dawa. Dattawanmu kuma sukan kawo hadisin da ya nuna mutane sun yi tarayya a ruwa da makiyaya da wuta. Sai dai tun muna gaban malam aka bambanta mana ciyawar da ta tsiro da kanta a daji da abin da mutum ya shuka ya yi wa noma. Harawa tana cikin kashi na biyu. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da za mu faɗi wannan a fili, mu kuma bi da harawa yadda ake bi da amfanin gona, domin mu da kanmu muke jawo rigimar sa'ad da muka yar da ita kamar shara sannan muka zo fada muna kiranta dukiya.

Masana kiwo sun auna abin da tsofaffinmu suka sani da ido. Tumbin saniya ko tunkiya yana buƙatar abincin da sinadarin gina jiki a cikinsa ya kai wajen kashi 7 cikin 100 kafin ya narka shi yadda ya kamata. Busasshen karan dawa da na masara ba su kai haka ba, shi ya sa dabba take cika ciki da kara amma tana ramewa. Harawar wake da ta gyaɗa, in an adana su da ganyensu, sun ninka kara sau biyu ko fiye. Ɗan abin da aka haɗa na harawa shi ke sa karan ma ya yi wa dabba amfani. Dalilin kuwa yana ƙarƙashin ƙasa: duk wanda ya taɓa tuge wake ya ga ƙananan ƙulle-ƙulle a saiwarsa, waɗanda ke ɗauke da ƙwayoyin halitta masu jawo sinadarin naitirojin daga iska. Shi ke gina ganyen, shi ke kuma rage wa dawar baɗi yunwar taki.

Cibiyar IITA, wadda aka kafa a Ibadan a 1967 kuma take da reshe a Kano, ta yi shekaru tana aikin wake. Da farko an fi mai da hankali ga iri mai saurin nuna da yawan ƙwaya. Manoman ƙasar Kano suka ƙi sakin wakensu mai yaɗo, wanda ƙwayarsa ba ta da yawa amma harawarsa tana cika rufin soro. Da masanan suka zauna suka yi lissafi tare da abokan aikinsu na cibiyar binciken dabbobi ta ILRI, sai suka gane manomin ba jahilci ya hana shi ba, yana ƙirga kuɗin harawa ne su ba sa ƙirgawa. Daga nan aka ƙarfafa fitar da iri mai ba da ƙwaya da harawa a tare. Na ji daɗin wannan labari ƙwarai, domin ba kullum mai digiri yake yarda cewa mai fartanya ya riga shi ba.

Akwai wani gwajin da nake ganin bai dace da mu ba, ko da yake wasu matasanmu da suka karanta shi suna ta yabonsa. A shekarun 1980 an gwada wa Fulanin yankin Kachia a jihar Kaduna killace fili mai faɗin wajen hekta 4, a shuka wata ciyawa dangin wake mai suna sitailo, a ajiye ta sai rani ya tsananta a riƙa sakin shanu masu tatsa su ci na ɗan lokaci kowace rana. Dabarar ta yi kyau a inda mutum yake da tabbacin fili. Mu fa? Tun zamanin da madugai suke sauke jakuna a Salaga don sayen goro, baƙi muke a wannan ƙasa ta fuskar gona. Ƙasa tana hannun sarakunan gargajiya da iyalan da suka gada, mu aro ake ba mu, kuma wanda aka ara wa gona bana ba shi da tabbacin baɗi. Wa zai sayi waya ya kafa shinge a filin da za a iya karɓa bayan girbi, ga kuma gobarar daji da ke lashe gamba duk Disamba? Wake da gyaɗa kuwa cikin damina ɗaya ka shuka ka kwashe ka kai gida.

Abin da ya sa nake ganin maganar ba ta jira shi ne Sallar Layya. A 2025 an yi ta a farkon Yuni, kuma tana ja baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, ta yadda kafin 2030 za ta shiga Afrilu. Ma'ana, shekarun da ke tafe turkar rago za ta faɗa tsakiyar bazara, lokacin da daji ya ƙone, dusa ta yi tsada, tumakinmu suna yawo a kan bola suna haɗiyar leda. Matan zongo da yawa da ragon turka suke biyan kuɗin makarantar yara da kayan ɗakin 'ya mace. Muna kallo manyan motoci suna shigowa ta Paga da raguna daga Burkina Faso da Nijar suna wucewa Kumasi da Ankara, alhali ruwan samanmu ya fi nasu. Bambancin, su harawa ko ganye ɗaya ba ya faɗuwa ƙasa a banza.

Ba na ɓoye cewa namu da wuya ta wani gefen. Ruwan ƙarshen damina a nan yakan kai Oktoba, kuma harawar da ruwa ya taɓa a ƙasa takan yi baƙi ta ruɓe. Dole a yanke ta ganyen yana kore, a naɗe ta dami-dami da sassafe kafin rana ta sa ganyen ya karkaɗe, a ɗora a kan rumfa ko reshen itace. Wannan ne wurin da nake da ƙorafi a kan masu bincike. Cibiyar SARI tana nan Nyankpala kusa da Tamale, ta fitar da irin wake iri-iri, har da mai jure ƙuduji, amma sakamakon yana cikin Turanci, kuma tsohuwar da ke turke da raguna biyu a bayan ɗaki ba a lissafa ta cikin manoma balle a gayyace ta taro. Laifin rabi namu ne, don fadar zongo ba ta taɓa aika musu takarda ba, ni ne kuwa mai alƙalamin.

Game da kara, ban goyi bayan a kwashe shi ƙaf ba. Masana ƙasa suna da gaskiya da suka ce gonar da aka bari tsirara iska da ruwan farko suna wanke ta. A bar wa makiyayi kara ya ci ya bar taki, a daina cinna masa wuta. Shawarar da na kai gaban Maigida ita ce a zauna da ardo da masu ƙasa a sa rana: mai wake ko gyaɗa yana da mako biyu bayan roro ya kwashe harawarsa, dabbar da ta shiga kafin nan a biya diyya, abin da aka bari bayan nan kuwa kada a kawo mana ƙararsa. Ya ce a kawo maganar zaman fada na farko bayan an gama yankan dawa.