Kacala ta toshe gulbi, manyanmu sun toshe kunne

Duk wanda ya ce a buɗe wa gulbi hanyarsa ta da domin kifi da tsuntsaye su sami wurin zama, a ofisoshin Yamai dariya ake yi masa. Sai a ce masa mutane na fama da yunwa, shi kuwa ya zo da zancen agwagin Turawa. Wannan dariya ta jahilci ce, ko da mai yin ta ya ƙare karatunsa a Faransa, kuma mutanen Difa ne ke biyan kuɗinta shekara da shekaru.

Gulbin Komadugu Yobe shi ne iyakarmu da Nijeriya a gabas, kimanin kilomita 150, kafin ya faɗa tafkin Cadi kusa da Boso. Amma ba a ƙasarmu ake haihuwar ruwansa ba. Rassa biyu ke ciyar da shi, na Haɗejiya da na Jama'are, su ratsa babbar fadamar Haɗejiya da Nguru, su haɗu wajen Gashuwa. A 1974 aka gama madatsar Tiga, a 1992 aka ƙara ta Challawa, ga shi kuwa su biyun nan suna riƙe da mafi yawan ruwan da ke shiga reshen Haɗejiya. Tun daga lokacin gulbi ya daina bin kalandar Allah, ya koma bin ta injiniyoyi.

A nan ne ɓarnar take, kuma ya kamata mai karatu ya fahimce ta da kyau, don ba ƙarancin ruwa kaɗai ba ne. A da, ruwa kan taso da ƙarfi a ƙarshen damina, ya share yashi da laka daga hanyoyinsa, ya malale fadama, kifi ya fita cikin ciyawa ya yi ƙwai. Da rani kuwa hanyoyin su bushe ƙurmus. Bushewar nan da muke gani kamar asara, ita ke kashe ciyawar da ke son ta zauna dindindin. Yanzu madatsu na tare ambaliyar damina, suna sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk tsawon rani saboda gonakin noman rani da famfunan birnin Kano. Ruwa marar zurfi, marar gudu, wanda ba ya ƙafewa: abin da kacala ke nema ke nan. Ta yi tsayi ta fi mutum, ta kama laka, ta cushe tsohon gulbin Haɗejiya da reshen Burum Gana, har ruwa ya rasa mafita ya karkata hanyar Marma zuwa tafkin Nguru, inda yake cin gonakin mutane a banza. Wasu na kukan ruwa ya yi musu yawa, wasu na kukan bai iso ba, alhali cuta ɗaya ce. Janbaki ya sami masauki a cikin kacalar yana cinye hatsi, dodon-koɗi mai yaɗa tsargiya ya sami nasa. Sakamakon da ya shafe mu shi ne, reshen Haɗejiya kusan ba ya kawo wa Komadugu kome. Abin da ke isowa Difa, galibinsa na Jama'are ne, kuma dalili ɗaya ne ya sa yake isowa: madatsar Kafin Zaki da aka fara aka bari ba a gama ta ba. Ashe tattasan Difa, wanda ake alfahari da shi a kowane jawabi, yana rataye ne da aikin da wasu suka kasa ƙarewa!

Su kuma tsuntsayen da ake yi mana gori da su fa? Gaskiya ne dubban agwagin daji na ƙetaro hamada daga Turai su yi sanyin hunturu a wannan fadama, abin da ya sa a 2000 aka sa tafkin Nguru da hanyar Marma cikin jerin dausayin yarjejeniyar Ramsar. To, me ke kawo su? Ruwan ambaliya mai janyewa a hankali, mai barin ƙananan kifaye da tsabar ciyawa. Wannan ruwan dai shi ne na masunci mai jiran tarwaɗa da karfasa, shi ne na makiyayi mai neman burgu da bazara, shi ne ke sauka ƙasa ya cika rijiyoyin garka. Inda kirinjijiya ta daina sauka, a je a tambayi sarkin ruwa nawa ya kama bana.

Kada a ce mana abin ba ya yiwuwa, don maƙwabtanmu sun gwada. A arewacin Kamaru, madatsar Maga ta 1979 da ganuwar da aka yi wa gulbin Logone saboda shinkafar kamfanin SEMRY sun busar da fadamar Waza, ciyawa mai daɗewa ta mutu, mariya ta ragu ƙwarai, masunta suka watse. A 1994, da taimakon ƙungiyar UICN, aka fasa ganuwar a bakin wani tsohon reshe mai suna Petit Goroma. Ba a gina kome ba, hanya kawai aka buɗe. Fili kusan murabba'in kilomita 200 ya sake shan ruwa, ciyawa ta dawo, kifi ya dawo, tsuntsayen ruwa da aka ƙirga suka tashi daga wajen 60.000 a 1992 zuwa fiye da 100.000 a 2000. Ba za mu ɓoye sauran labarin ba: shanu sun kwararo fiye da yadda aka zata, kuma ƙaruwar da mariya ta yi ba ta ɗore ba. Wannan ya nuna cewa kafin a saki ruwa sai an zauna da makiyaya da masunta an yi tsarin wa zai shiga ina, yaushe. Bai nuna cewa buɗewar kuskure ce ba. Amma irin wannan aiki ba shi da farin jini wurin masu mulki, don ba shi da siminti, ba a yanka kyalle a kansa, kuma ba a raba kwangilar miliyar-miliyar a cikinsa.

Abin takaici, takardar da za mu riƙe tana nan. A watan Yuli na 1990, a Maiduguri, Nijar da Nijeriya suka sa hannu kan yarjejeniyar raba ruwan da suka haɗa bisa adalci, kuma an ambaci Komadugu Yobe a ciki da suna, tare da Magiya da gulbin Maraɗi, wanda mutanen Madarumfa suka san yadda madatsar Jibiya ta yi da shi. Hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu a Yamai take zaune. A 2006 jihohi shida na Nijeriya suka kafa asusun kula da wannan gulbi, al'ummomin can suka yi ta gayyar yanke kacala da lauje da kwalekwale. Mu da muke can ƙarshen wutsiya, wa ya ji muryarmu? An ce dangantaka ta yi tsami tun 2023, an ce rashin tsaro ya hana zuwa bakin gulbi. Mun ji. Kafin 2015 da aka kafa dokar ta-ɓaci a Difa fa, wace ce hujjar shirun?

Bukatarmu ba ta da wuyar faɗi. A yashe tsohon gulbin Haɗejiya da Burum Gana, a daidaita abin da ke shiga Marma. Tiga da Challawa su riƙa sakin ambaliya ɗaya mai ƙarfi a watan Agusta, su rage ɗigon rani har hanyoyi su bushe na ƴan watanni, in ba haka ba kacalar da aka yanke bana za ta tsiro baɗi. A sanar da Difa da Boso ranar da za a saki ruwan, kada ya same su cikin dare kamar ambaliyar 2019. Kuma ministan ruwa ya rubuta wa takwaransa na Abuja cewa duk ranar da aka sake ta da maganar Kafin Zaki, Nijar na da kujera a wurin, bisa ga abin da aka sa wa hannu a Maiduguri.