Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara

Daga Malamin Tarihi

Kowace shekara idan aka tashi buga wannan mujalla, akan cika shafuffukanta da hotunan waɗanda suka ci kofi a guje-guje, da sunayen waɗanda suka zo na ɗaya a aji. Wannan daidai ne, ban ce a daina ba. Amma akwai wani irin ci gaba wanda ba ya fitowa a hoto, ba a kuma ba shi kofi, alhali kuwa saboda shi ne iyayenmu suke sayar da hatsi da awaki su biya kuɗin makaranta. Ina nufin ranar da ɗalibi ya daina kwafe maganar wani, ya fara yin tambaya da kansa, ya nemo amsarta, ya kuma rubuta ta da kalmominsa. A ganina, duk ɗalibin da ya bar makarantar nan bai kai wannan matsayi ba, to, mun cuce shi, kome kyawun sakamakon jarrabawarsa.

Bari in ba ku labarin wata ɗalibata domin ku gane inda na dosa. Ba zan ambaci sunanta ba, gama yarinya ce mai kunya. A zangon farko na shekarar da ta shiga aji biyu na babbar sakandare, na ba ajinsu jinga, na ce kowa ya rubuto shafi uku a kan wani abin tarihi na yankinmu. Ita sai ta zaɓi kawunan nan na gasasshen yumɓu da ake kira na Nok. Bayan kwana huɗu ta kawo mini shafi biyar cif, rubutu tsaf, ba ko gogewa ɗaya, Turanci kuwa sai ka ce na farfesa.

Na kira ta, na kife takardar a kan tebur, na ce, "'Yata, wa ya raɗa wa mutanen nan suna Nok?" Ta yi shiru. Na ɗauko wata kalma daga layi na uku na tambaye ta ma'anarta, nan ma shiru. Da ta ga ba mafita, sai ta faɗi gaskiya cewa daga wayar yayanta ta kwafe duka. Sa'an nan ta ƙara da wata magana wadda har yau ban manta ba. Ta ce, "Malam, ni ban ɗauka laifi ba ne, tun da abin da na rubuta ba ƙarya ba ne."

Ya ku 'yan'uwana malamai, wannan amsa da mu take. Yarinyar nan ba ɓarauniya ba ce. Tun tana firamare abin da muka koya mata ke nan: mu rubuta a allo, ta kwafe a littafi, ta haddace, ranar jarrabawa ta mayar mana da kayanmu, mu ba ta maki. Shekara goma tana cin lada a kan kwafi, yaya za a yi rana ɗaya ta san cewa kwafi abin kunya ne? Saboda haka ban ba ta sifili ba, ban kuma kai ta wurin shugaban makaranta ba. Na mayar mata da takardarta, na haɗa ta da littattafai biyu daga laburare, na ce ta gwada su da abin da ta samo a waya, kada ta dawo sai ta gano inda suka saɓa wa juna.

Bayan mako guda ta dawo ranta a ɓace, ta ce lalle ɗaya daga cikinsu ƙarya yake yi, domin wani ya ce an gano kayan Nok a 1928, wani kuma ya ce a 1943. Na ce kada ta yi saurin zaɓen gwani, ta koma ta binciko abin da ya faru a kowace shekara. Ashe duka biyun suna da gaskiya. A 1928 ne masu haƙar kuza suka fara tono irin wannan kai kusa da ƙauyen Nok, wanda yake cikin Ƙaramar Hukumar Jaba a Jihar Kaduna ta yanzu, aka ajiye shi a Jos ba tare da an san darajarsa ba. A 1943 kuma aka kai wa wani Bature, Bernard Fagg, wani kan da aka samo a wajajen Jama'a, wanda har an taɓa kafa shi a gonar doya a matsayin mutum-mutumin tsoratar da ɓarayin gona na daji. Fagg yana da ilimin tono kayan tarihi, shi ne ya lura cewa wannan kai da na 1928 aikin al'umma ɗaya ne, ya kuma kira su da sunan ƙauyen da aka fara samunsu. Wato shekara ta farko ta tsintuwa ce, ta biyu kuwa ta ganewa. Ranar nan na ga idon yarinyar ya buɗe. Ta gane cewa idan littattafai biyu suka saɓa, ba ƙarshen aiki ba ne, nan ne ma aikin ya fara.

Darasi na biyu ya fi wannan nauyi. Tsohon littafinmu na laburare ya ce zamanin Nok ya fara wajen shekara 500 kafin haihuwar Almasihu. Amma ta ci karo da wani bayani mai cewa tun daga 2005 masana daga Jami'ar Goethe ta birnin Frankfurt a Jamus, tare da hukumar kula da gidajen tarihi ta Nijeriya, suka yi ta tono a yankin, suka auna shekarun ƙonannun ƙwayoyin gero da sauran abubuwan da suka samu a kufai, suka nuna cewa mafarin al'ummar ya kai wajen shekara 1500 kafin haihuwar Almasihu. Bambancin shekara dubu guda ke nan! Ta tambaye ni ko marubucin littafinmu jahili ne. Na ce a'a, ya rubuta iyakar abin da aka sani a zamaninsa. Tun daga ranar, ba ta buɗe littafi sai ta fara duba shekarar da aka buga shi da kuma wanda ya rubuta shi. Da yawa daga cikin manya ma ba su da wannan ɗabi'a.

Da aka yi hutun Kirsimati sai ta matsa wa kawunta har ya kai ta Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, ta ga kawunan da idonta, ta zana kamannin idanunsu masu kusurwa uku da hudar da ke tsakiya. Gani ya kori ji. Ta kuma zauna da kakanta wanda ya yi aikin kuza yana saurayi, ta rubuta abin da ya gaya mata. A nan na koya mata ta raba maganar tsoho gida biyu, wato abin da ya gani da idonsa, da abin da ya ji a bakin wasu. Duka biyun suna da amfani, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne, kuma wajibi ne mai rubutu ya gaya wa mai karatu wanne ne wanne.

Inda muka fi daɗewa muna ja-in-ja shi ne wata jimla guda. Ta rubuta cewa mutanen Nok su ne kakannin kabilarta. Na ja layi a ƙarƙashi da jan biro, na rubuta a gefe, "Ina hujja?" Ranta ya sosu ƙwarai, domin magana ce da ta tashi tana ji a gida, tana kuma alfahari da ita. Na ce ban ce ƙarya ba ce, amma masu yin kawunan nan ba su bar rubutu ba, sunan Nok ma na ƙauyen yau ne aka ara musu. Ta yi kwana uku ba ta gaishe ni da fara'a ba. A rana ta huɗu ta kawo gyara. Ta rubuta cewa dattawan garinsu suna ɗaukar mutanen Nok a matsayin kakanninsu, ta kawo dalilansu, sa'an nan ta bayyana cewa kayan da aka tono su kaɗai ba su isa su tabbatar da haka ba. Jama'a, wannan shi ne ilimi. Yarinya 'yar shekara 16 ta iya bambanta abin da zuciyarta take so da abin da hujja ta nuna.

Sau uku ta sake rubuta aikin. Shafi biyar na aro suka koma shafi uku nata na kanta. Kowane sakin layi yana ɗauke da magana ɗaya. Inda ta ɗauko zancen wani ta faɗi mai shi, a ƙarshe kuma ta jera littattafan da ta duba da mutanen da ta tambaya. Turancin bai kai na farko ƙyalli ba, har da kurakuran nahawu biyu ko uku. Amma da na kife takardar na yi mata tambayoyi, sai da na gaji don kaina.

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Wasu iyaye za su ce, "Malam, mu dai yaro ya ci jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, wannan dogon bincike ɓata lokaci ne." Amsata ita ce, a jarrabawar Turanci ta WAEC ana bukatar ɗalibi ya rubuta insha'i na kalmomi wajen 450, ya kuma karanta wani bayani ya taƙaita shi da kalmominsa. Wanda bai taɓa tsara tunaninsa a takarda ba, a ina zai koya cikin ɗakin jarrabawa? Irin wannan ne yakan shiga neman satar amsa. In kuma ya tsallake ya shiga jami'a ko kwalejin horon malamai, kundin bincike yana jiransa a shekarar ƙarshe, kuma satar fasaha a can tana iya jawo wa mutum kora.

Wasu kuma za su ce laburarenmu ba shi da isassun littattafai. Gaskiya ne, ni ma ina kuka da haka. Amma ɗalibar nan da littafi biyu, da waya ta aro, da kaka ɗaya ta yi aikinta. Garuruwanmu cike suke da abin bincike. Akwai tsofaffin da suka ga zamanin Turawa da ƙuruciyarsu, kuma kullum raguwa suke yi. Akwai littattafan baftisma da na aure a ikkilisiyoyinmu, waɗanda gara take ci a cikin akwati. Ga mai hali kuma, akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna, da Gidan Arewa wanda aka kafa a 1970. Ku tuna da Rabaran Bargery, ɗan mishan da ya shafe fiye da shekara goma yana bin ƙasar Hausa yana tambayar mutane ma'anar kalmomi, har ƙamusunsa ya fito a 1934. Ba shi da intanet, kunne da alƙalami da haƙuri kawai yake da su.

Ɗalibai kuwa nasu zancen daban ne. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, sun ga cewa na'ura tana iya rubuta wa mutum insha'i kafin ya gama shan kofin kunu. Ni ban ce a jefar da waya ba, gama da ita ɗalibata ta samo labarin masanan Jamus. Sai dai ku sani, irin waɗannan na'urori sukan kawo magana marar tushe cikin harshe mai daɗi, har su ƙago sunan littafin da babu shi. Wanda bai iya tantance hujja ba, ba zai taɓa gane an yi masa haka ba. Saboda haka zuwan na'ura ya ƙara wa wannan darasi muhimmanci ne, bai rage ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta 'yan'uwana malamai, cewa mai aji cike da ɗalibai ba zai iya zama da kowane ɗaya kamar yadda na zauna da wannan yarinya ba. Na yarda. Shi ya sa shawarata ga hukumar makaranta ita ce, kada a yawaita. Kowane ɗalibin aji biyu na babbar sakandare ya yi bincike guda ɗaya tak a shekara, a raba su tsakanin malaman Tarihi da Turanci da Hausa da Labarin Ƙasa da Kimiyya. A zangon farko ya kawo tambayarsa da inda zai nemi amsa. A na biyu ya kawo rubutun farko a yi masa gyara. A na uku ya miƙa na ƙarshe, ya tsaya gaban aji na minti biyar ya amsa tambayoyi ba tare da duba takarda ba. A ba da maki a kowane mataki, domin wanda ya kwafo a dare ɗaya ba zai iya nuna sawun tafiyarsa ba. A kuma buga uku mafi kyau a wannan mujalla, kusa da hotunan masu kofi.

Iyaye, idan yaro ya zo da littafi yana yi muku tambaya a kan zamanin da, kada ku kore shi, ku ba shi kujera. Dattawan ikkilisiya, ku buɗe mana tsofaffin akwatunan nan kafin gara ta gama da su. Ku kuma ɗalibai, musamman masu fita bana, ku riƙe wannan: shafi ɗaya da kuka yi gumi a kansa ya fi shafi goma na aro, domin kayan aro ba ya rufe katara. Ɗalibata tana cikinku, ta san kanta. Kwanan baya na ji ta a bakin laburare tana tambayar wata ƙanwarta ta aji ɗaya, "A ina kika samo wannan magana?" Da na ji haka na wuce abina ina murmushi.

Allah ya ba mu haƙurin koyarwa, ku kuma ya ba ku haƙurin koyo. Amin.