Filin Lafiyar Dabbobi: Allurar Barci Ga Karen Da Fitsari Ya Toshe Wa

Da bazara, musamman a watannin Afrilu da Mayu, zafin Maiduguri yakan wuce digiri 40. A irin wannan lokaci karnukan gadi da na farauta ba su samun isasshen ruwan sha, fitsarinsu yakan yi kauri, hakan kuwa yana daga cikin abubuwan da ke taimaka wa tsakuwa ta taru a mafitsara. Namijin kare shi ya fi shiga haɗari, domin hanyar fitsarinsa doguwa ce siririya, kuma tana bi ta gefen wani ƙashi da ke cikin al'aurarsa, inda tsakuwar takan maƙale.

Alamun ba su da wuyar ganewa. Za a ga kare yana ta yunƙuri, fitsari bai fita sai ɗigo-ɗigo, wani lokaci da jini. Daga nan sai ya ƙi abinci, ya kama amai. In aka bar shi haka kwana biyu ko uku, yana iya mutuwa.

Maganin shi ne likita ya zura siririn bututun roba ya buɗe hanyar. Kare ba zai tsaya a yi masa wannan ido biyu ba, saboda zafi, ga kuma cizo. Dole sai an yi masa allurar barci. To, a nan gizo ke saƙa.

Idan fitsari ya toshe, ƙoda ba ta iya fitar da sinadarin fotashiyam, sai ya taru a jini ya raunana zuciya. Allurar Xylazine, wadda kamfanin Bayer na Jamus ya ƙirƙira a 1962, kuma ta yaɗu a hannun masu aikin dabbobi, tana rage bugun zuciya, tana kuma ƙara yawan fitsari. Ga karen da mafitsararsa ta cika ba mafita, wannan kaya ne a kan kaya. Shi ya sa ƙwararren likita yakan fara sauraron zuciya, ya auna jini, ya sa ƙarin ruwa, sa'an nan ya zaɓi magani mai sauƙi irin su Diazepam, ya haɗa da mai kashe zafi, gwargwadon nauyin karen.

Saboda haka mai kare ya guji kiran mai allurar bakin kasuwa. Kada kuma ya ba shi maganin mutane irin su Ibuprofen, domin yana lalata ƙodar kare. Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, tana da asibitin koyarwa na dabbobi. A kai shi can ko wurin wani likitan dabbobi tun ranar farko, a faɗa masa lokacin da karen ya yi fitsari na ƙarshe da duk abin da aka ba shi.

Karen da ya kwana yana tsaron gida yana da hakki a kan mai gida. Allah Ya sa a kula.