Rancen Karatu Ba Sadaka Ba Ne

A 2024 Gwamnatin Tarayya ta buɗe asusun NELFUND, mai bai wa ɗalibai rance marar ruwa. To, ga wani saurayi daga Maigatari ya zo kwalejinmu ta horon malamai, ya ci rancen shekara guda, kana ya ajiye littattafai ya koma dillancin shanu a kasuwar Alhamis. Uban cewa yake tun da yaro ya bar karatu, bashi ya faɗi.

Jama'a, ba haka ba ne. Abin da ya mayar, da shi za a ranta wa ɗan talakan Gagarawa ko Sule Tankarkar. Amma wanda ciwo ya fitar, lalle a sassauta masa, ya biya sannu a hankali. Allah ya sa mu gane.