Ƙissar Bani Isra'ila da Masu Sauraronta

Duk wanda ya taɓa zama a majalisin tafsiri cikin watan azumi, ko a babban masallacin Gaya ko a ƙarƙashin rumfar kara a Gafasa, ya san yadda jama'a kan gyara zama idan mai jan baki ya iso ƙissar Bani Isra'ila a Suratul Baƙara, a ji labarin ɗan maraƙin da aka bauta wa da saniyar da aka yi ta jayayya a kanta, har wani dattijo daga bayan sahu ya ɗaga murya ya yi tsinuwa, sauran su amsa da amin. Abin da ke damuna shi ne, cikin masu amsawar akwai wanda washegari zai shiga kasuwa da mudun da ya bubbuge gindinsa, ya auna wa talaka gero, ba tare da ya ga wata alaƙa tsakanin karatun da cinikin ba, saboda ya riga ya sallama cewa sharri kaya ne da aka ɗora wa wata al'umma can nesa, shi kuwa an sauke masa.

A ganina wannan fahimta ta tauye ƙissar, domin an kawo ta ne don ta zama ibra ga mai sauraro, kuma ta jahilci su kansu Yahudawan, waɗanda malamansu suka daɗe suna fama da wannan mas'ala ta alheri da sharri kamar yadda namu suka yi. A cikin littattafansu na da sun ce an halicci ɗan Adam da karkata biyu, ɗaya zuwa ga kyakkyawa ɗaya zuwa ga mummuna, abin da ba zai zama baƙo ba ga ɗalibin da ya karanta bayanin nafsul ammara da nafsul lawwama. Har ma sun ƙara da cewa ba don wannan sha'awa ta biyu ba, da ba wanda zai gina gida ko ya yi aure ko ya fita fatauci, watau abin da ake bukata shi ne linzami, ba kisa ba. Haka kuma sun hukunta cewa azumin babbar ranarsu ta neman gafara ba ya kankare haƙƙin wani, sai an je an nemi yafewarsa. Malaminsu Musa bin Maimun, wanda aka haifa a Ƙurɗuba ya rasu a Masar a 1204, ya rubuta Dalalatul Ha'irin da harshen Larabci, inda ya kasa sharri gida uku: wanda ke zuwa daga raunin halitta, da wanda mutane ke yi wa juna, da wanda mutum ke jawo wa kansa, ya ce na ƙarshen nan ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Kada wani ya ɗauka ina neman a yi shiru game da abin da ake yi wa Falasɗinawa. Zalunci sunansa zalunci, ko wa ya aikata shi. Amma kama mai laifi da laifinsa daban, rataya wa jinsi duka laifin har da jikokin da ba a haifa ba daban, kuma tarihin ƙasarmu ma ya taɓa cin karo da wannan bambanci.

Shehu Muhammadu bin Abdulkarim Almagili, wanda ya sauka Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya rubuta masa Tajuddini game da abin da ya wajaba a kan sarakuna, malami ne da ba mai musun girmansa, kuma har yau unguwar Sharifai na tunawa da shi. Sai dai kafin ya iso nan, a wajejen 1492, shekarar da aka kori Yahudawa daga Andalus bayan faɗuwar Garnaɗa, shi ne ya jagoranci rushe wurin ibadar Yahudawan Tamanɗiɗ a ƙasar Tuwat, bisa hujjar cewa sun warware sharuɗɗan zimma. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne, alƙalin Tuwat ɗin kansa, Abdullahi Al'asnuni, bai yarda da shi ba. Aka aika wa malaman Fas da Tilimsan da Tunis neman fatawa, wasu suka goyi bayan wannan wasu suka goyi bayan wancan, kuma Alwansharisi ya tattara amsoshin cikin littafinsa Almi'iyar. Dukkansu Malikawa ne, littattafansu ɗaya, amma suka saɓa a kan inda adalci yake.

Daga baya, lokacin da Almagili yake Gawo wajen Sarki Askiya Muhammadu, labari ya zo masa cewa an kashe ɗansa a Tuwat, sai zafin rashi ya sa ya nemi a kame mutanen Tuwat da ke garin, aka kuwa kame su. Ahmad Baba ya ruwaito cewa Malam Mahmudu bin Umar na Tumbutu ne ya ƙi amincewa da haka, ya ce waɗannan bayin Allah ba su aikata kome ba, kuma a kan maganarsa aka sake su.