Kokowa da ƙwaya: Kada a jira sai takobi ya yi tsatsa

Da zarar an gama girbi, filayen kokowa na Tasawa da Mayahi sukan cika maƙil. Daga irin waɗannan filaye ake tace 'yan kokowa goma da ke wakiltar jihar Maradi a gasar takobi ta ƙasa, wadda Kantu na Maradi ya fara lashewa a Tawa a 1975. Sai dai ba wuya matashi ya samu tramol a garuruwan nan, kuma tun 1 ga Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, WADA, ta haramta shi a lokacin gasa. Tambayar ita ce: wa zai gwada, kuma me za a yi da waɗanda suka sha a baya?

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A Amurka, shugabannin wasan besbol sun kau da kai shekara da shekaru, 'yan wasa na amfani da sinadaran ƙara tsoka, 'yan kallo na tafi, kuɗi na shigowa. Sai a 2003 aka fara gwaji a babbar gasar. A Disambar 2007 rahoton Sanata George Mitchell ya ambaci sunayen 'yan wasa fiye da 80. Har yau ƙurar ba ta lafa ba. Barry Bonds, wanda ya fi kowa buga ƙwallo waje da fili, sau 762, ya musanta cewa ya sha da saninsa, amma 'yan jarida sun shafe shekara goma suna hana shi shiga zauren gwarzaye. Bajintarsa na rubuce, mutuncinsa na rataye. Shi kuwa Mark McGwire ya amsa laifi a 2010, ya ci gaba da aiki a matsayin mai horarwa.

Darasin a fili yake: hukumar da ba ta yi gwaji jiya ba, ba ta da hujjar yanke hukunci yau. Ƙwace takobi ko ɓata sunan tsohon ɗan kokowa bisa jita-jita zalunci ne, kuma zai buɗe ƙofar ramuwa tsakanin jihohi.

Abin da ya dace shi ne hukumar kokowa ta ƙasa ta tsai da rana. Duk wanda ya sha kafin ranar, ya fito ya faɗa, a yafe masa, a bar masa kambinsa, a tura shi ƙauyuka ya gaya wa yara yadda tramol ke jawo farfaɗiya da jarabar da ke wuyar bari. Wanda aka kama bayan ranar kuwa, a dakatar da shi. In ya maimaita, a raba shi da fili. Kuma hukuncin ya hau kan mai horarwa da mai sayarwa.

Kada gwajin ya tsaya a babbar gasa. A faro daga zaɓen gundumomi, inda yaro ɗan shekara 18 ke ganin ƙwaya ce kawai za ta kai shi Maradi. 'Yan ci-rani da ke aiko da kyautar kuɗi da babura na iya sa sharaɗi: ba gwaji, ba kyauta.

In an bari sai wani ya faɗi a fili bai tashi ba, lokacin ba gwaji za a yi ba, ta'aziyya za a karɓa.