Kwamfutar Ofishin Gwamnati: Wa Ke Riƙe Da Mabuɗi?

Duk wanda ya bar Sabon Tasha ko Kafanchan ya tafi neman abinci Ikko, ko Badun, ko Fatakwal, ya sani akwai ranar da tilas ya komo gida bidar takarda: ta shaidar asali, ta haihuwar yaro, ko ta fili. A dā akawu ke buɗe kabad ya zaro fayil. Yau kwamfuta ake kunnawa. To, jama'a, wa ke riƙe da mabuɗin wannan sabon kabad?

Galibin ofisoshinmu da Windows suke aiki, wato manhajar kamfanin Microsoft na Amurka. Lasisi ake saye, farashinsa kuwa dala yake bi, kuma kowa shaida ne yadda dala ta tashi daga wajen Naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Wanda ba shi da halin saye sai ya koma ga kwafin sata, abin da bai dace da ofishin hukuma ba. Bugu da ƙari, ran 14 ga Oktoba 2025 kamfanin ya janye kulawar da yake yi wa Windows 10, sabuwar kuma ba ta hawa kan tsofaffin injuna da yawa. Inji yana nan garau, wani a ƙetaren teku ya yi masa ritaya. Lalle kayan aro ba ya rufe katara.

Akwai wata hanya. Manhajoji irin su Linux da LibreOffice a buɗe suke: ba kuɗin lasisi, kuma duk mai ilmin abin yana da iznin duba cikinsu, ya gyara, ya raba wa wani. Mutanen Kafanchan ba sa bukatar dogon bayani a nan. Unguwar Bayan Loko daga ma'aikatar jirgin ƙasa ta samo sunanta, inda makanikai ke kwance inji su ɗaura da hannunsu. Injin da aka hana ka buɗewa ba naka ba ne, ko da ka biya.

Kada wani ya ce abin na Turai ne kawai. Alkaluman da asibitocin karkara na Jama'a da Kachiya da Zangon Katab ke aikawa kowane wata, cikin DHIS2 ake zuba su, ita ma buɗaɗɗiyar manhaja ce, da ita ƙasar nan duka ke aiki. Afirka ta Kudu ta tsai da manufarta kan wannan tun 2007, Indiya a 2015.

Amma fa banza ba ta kai zomo kasuwa. Birnin Munik na Jamus ya ɗora kwamfutoci wajen 15,000 a kan Linux, aikin da ya ci shekara goma daga 2003, sai ga majalisar birnin a 2017 ta ƙuduri komawa Windows. Idan ba a horar da ma'aikaci ba, ranar da firinta ta ƙi buga masa takarda, ranar zai tsine wa sabon tsarin. Saboda haka kuɗin da aka tsimi daga lasisi ba na aljihun kowa ba ne, na horo ne da gyara.

Masu yin aikin kuwa muna da su. Ga ɗaliban Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya, ga na reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan, ga samarinmu da suka ƙware a kasuwar kwamfuta ta Ikeja, waɗanda da yawansu rashin aiki ne ya kore su daga gida. Umurnin Shugaban Ƙasa mai lamba 003 na 2017 ya riga ya ce a fifita kayan gida da aikin gida wajen sayayyar gwamnati, har da na sadarwa.

Muna kira ga Gwamnatin Jihar Kaduna da hukumar NITDA su fara da sakatariyar ƙaramar hukuma ɗaya, a ce ta Jama'a, su ba 'yan yankin kwangilar girkawa da kulawa, su kuma rubuta a doka cewa kowace takardar talaka a ajiye ta cikin tsarin da kowace manhaja za ta iya buɗewa. Ku kuma 'yan'uwa na Agege da Sabo da Mil 12, in ɗan majalisarku ya zo gaisuwa, ku tambaye shi nawa jiha ta biya na lasisi bara.